Asode ta faɗi, kada sauran su bi ta

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, akwai wata magana da ta bazu cikin karkara. Wai ginin laka da dutse ginin talauci ne. Wai duk garin da ya samu ɗan hali sai ya rushe tsohon masallacinsa ya tada na siminti da kwano. Wasu kuma ba su rushewa, ba su gyarawa. Sun naɗe hannu suna jiran gwamnati ko wani porje. Ni na ce da masu rushewa da masu jira duk hanya guda suke bi, kuma ƙarshenta kango.

Mu duba ƙasar Abzin, arewa da Agadas. Ƙasa ce ta duwatsu. Can dutsen Bagazan yake, wanda ya fi kowane tsawo a Nijar, sama da mita 2000. Abzinawa ba baƙinmu ba ne. Ayarinsu ne ke kawo gishirin Bilma da dabino zuwa Damargu da Damagaram, ya koma da hatsi. Gobirawa ma, bisa tarihin da kakanni suka bari, a Abzin suka zauna kafin su gangaro kudu. Saboda haka abin da ya samu gine-ginen Abzin ya shafe mu.

Arewa da Timiya akwai wani tsohon birni, sunansa Asode. Nan ne babban garin Kel Ewe, nan shugabansu Anastafidat yake zama. Da dutse aka gina gidajen, laka ta riƙe shi. A shekarar 1850 wani Bajamushe mai suna Bart, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Abzin. Ya rubuta cewa cikin gidaje wajen 1000 na Asode, da ƙyar 80 ke da mutane. Fatauci ya riga ya koma Agadas. Daga baya aka yi yaƙin Kawusan da Faransawa, 1916 zuwa 1917. Da yaƙin ya ƙare, sojan Faransa suka kwashe mutane daga cikin duwatsu, garuruwa da yawa suka zama kufai. Yau a Asode sai bangaye ba rufi, da ragowar babban masallaci.

Ba wanda zai zargi mutanen Asode. Ba lalaci ya fid da su ba, yaƙi ne da mutuwar kasuwa. Amma a lura da yadda gidajen suka ƙare. Ba igwa ta rushe yawancinsu ba. Indararo ya toshe, ba mai sharewa. Ruwa ya kwanta bisa soro. Itacen rufi ya ruɓe, gara ta ƙarasa shi. Rufi ya faɗa ciki. Daga nan kan bango ya zama tsirara, kowace damana ta wanke lakar da ke tsakanin duwatsu, har su zube ɗaya ɗaya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

To, a dubi hasumiyar masallacin Agadas. Laka ce tun daga ƙasa har bisa, tsawonta mita 27. An kafa masallacin tun ƙarni na 16, an sake gina hasumiyar a 1844. Ruwan da ke dukan Asode irinsa ne ke dukan ta. Me ya sa take tsaye? Itatuwan nan da suka fito daga jikinta ba ado kawai ba ne. Matakai ne. Su magina ke takawa su yi yaɓe, jama'a na miƙa musu laka. Bambancin Asode da Agadas ba na laka ba ne. Ɗaya ta rasa hannu, ɗaya ba ta rasa ba.

Masu cewa a shafe da siminti

Za a ce mini: ai mun gaji da yaɓe kowace shekara, mu shafa siminti sau ɗaya mu huta. Wannan hutu ne mai tsada. Bangon laka yana numfashi. Yana shan danshi da damana, ya fitar da shi da rani. In aka rufe shi da siminti an toshe masa hanci. Rana ta gasa simintin, sanyin dare ya kama shi, sai ya tsage. Cikin duwatsu kuwa zafin rana da sanyin dare sun fi nisa da juna. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita. Laka ta jiƙe a ɓoye. Daga waje bango sumul, ciki ya ruɓe. Bangon da aka yi wa yaɓen laka, in ya fara ciwo kowa na gani, a yi masa magani. Wanda aka lulluɓe da siminti ba ya gargaɗi. Rana ɗaya ɓawon ya ɓalle, ya taho da rabin bango.

Ba gaba nake da siminti ba. A rijiya, a salga, a madatsar ruwa, ba kamarsa. Amma bisa tsohon bangon laka ba wurinsa ba ne. Maginanmu na kudu suna da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, tana sa ruwa ya zame. Abzinawa ma sun san ƙasar da ke riƙe dutsensu. A tambayi tsofaffin magina tun suna raye.

Masu jiran gwamnati

Wasu sun ce: ai kayan tarihi na hukuma ne, ita za ta zo. Hukuma tana da nata nauyi, kuma ya kamata mu riƙa tuna mata. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. A 1991 hukumar UNESCO ta sa dajin Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya, saboda namun daji da tsirrai. Shekara guda bayan haka aka sa shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. A 2013 aka sa tsohon garin Agadas. Suna ne mai kyau, mun yi murna. Sai dai takarda ba ta toshe yoyo.

Ranar 3 ga Satumba 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe. Tun tsakiyar ƙarni na 19 yake tsaye. Cikin babban birni yake, kusa da fadar sarki, inda akwai gwamna da magina da motoci. In haka ta faru a can, wa zai tashi daga Yamai ya hau dutse cikin damana don ya share indararon wani ƙaramin masallaci? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ruwan zamanin nan yakan zo da ƙarfi lokaci guda, kamar wanda ya ci gidaje da yawa a Agadas a 2009. Ke nan aikin gyara ƙaruwa ya yi, bai ragu ba.

Masu cewa ciki ya fi dutse

Wannan ita ce maganar da ta fi nauyi, ba na raina ta. Mai yunwa ba a ce masa ya kalli bango. Amma me yaɓe ke ci? Ƙasa, ruwa, ciyawa da gayyar kwana biyu. Ba a sayen ko ɗaya daga waje. Me sabon gini ke ci? Siminti da ƙarfe da kwano da kuɗin motar da za ta hau da su dutse. Ga shi ɗakin kwano tanda ne da bazara, ƙanƙara da hunturu. Talaka ne ya fi kowa riba cikin gyaran abin da yake da shi.

Kuma kada a ce don ƴan yawon buɗe ido ake yi, tunda sun ragu sai a bari. Tsofaffin masallatai irin na Tefis da Agalal ba don baƙi aka gina su ba. Su ne shaidar cewa mutanen duwatsu sun yi karatu, sun yi fatauci, sun iya gini tun kafin zuwan Nasara. Ranar da shaidar ta zube, jikokinmu sai su yarda da duk abin da aka faɗa musu game da kakanninsu.

Tun 2014 samari da yawa ke tafiya haƙar zinariya Jado da Cibarakatan. Wanda ya samu yakan so ya yi wa garinsu sabon masallaci. Niyya ce mai kyau. Roƙona guda ne: a gina sabo gefe, a bar tsoho. An yi haka a Dandaji, jahar Tawa. An so a rushe tsohon masallacin laka. Sai aka gyara shi ya zama ɗakin littattafai, aka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa. Mariyama Isufu Kamara da Yasaman Isma'ili suka tsara aikin, aka gama a 2018. A Yama kuma, nan cikin Adar, magini Falke Barmu ya fara masallacin laka a 1962. Wasu suka kawo tubali, wasu ruwa, wasu itace. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Kan, wadda ake bai wa gine-gine mafi kyau a ƙasashen Musulmi. Wa zai kira wannan ginin talauci?

Ga aikin da ke gabanmu kafin ruwan farko:

1. A hau soro a share indararo, a tabbata yana zuba ruwa nesa da gindin bango.
2. A toshe kowace tsaga da laka, ba da siminti ba.
3. A duba azara. Wadda gara ta ci a canza ta.
4. A jera dutse a gindin bango, a yi wa ruwa hanya ya wuce.
5. Kada a kwashe dutsen kango don shingen garka. Kada a tona shi neman dukiya.
6. Kowane tsohon magini a haɗa shi da yara biyu su koya.

Maigari, liman, shugabar mata, ku sa rana tun yanzu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen Asode korar su aka yi. Mu ba wanda ya kore mu. In namu ya faɗi muna zaune gindinsa, me za mu ce wa ƴaƴanmu?