Kaye ɗaya, hoto goma, da sunan kowa a ƙasa



Maganar da na kawo yau, na san wasu za su ce ta marasa aikin yi ce. Maganar ajiyar hoto ce da rubuta tarihin gida. A Turai da Amurka akwai masu yin abin don nishaɗi kawai: mutum ya sayi babban littafi marar rubutu, ya liƙa hotunan yawon da ya je da iyalinsa, ya haɗa da tikitin mota da katin gayyata, ya yi wa shafin ado, ya rubuta rana da wuri a ƙasa. Su abin hutu ne a wurinsu. Ni kuwa a ganina, in akwai mutanen da wannan aiki ya zame wa dole, to mu ne mutanen bakin Komadugu.

Ku tuna abin da ya wuce a kanmu. Ran 6 ga Fabrairun 2015 aka kawo hari Bosso da Diffa. A watan Mayun shekarar, bayan abin da ya faru a Karamga, aka ce kowa ya bar tsibiran Tafkin Cadi, dubban mutane suka tako a ƙasa zuwa N'Gigmi da Bosso. Ran 3 ga Yunin 2016 Bosso ta sake watsewa, kimanin mutum dubu 50 suka fita. A Disambar 2020 aka sa wa Tumur wuta, kasuwa da ɗaruruwan gidaje suka ƙone. Abin da wuta ta bari kuma, ruwa ya zo ya taɓa shi, don kowa ya ga ambaliyar 2019 da ta 2022. Wanda ya fita da gudu cikin dare goyo yake nema da tabarma da tukunya, ba ya tsayawa neman albam. Shi ya sa yau a Kinjandi, a Garin Wanzam, a Awaridi, a Sayam, akwai yaran da suka yi wayo ba su taɓa ganin ƙofar gidan kakansu ba, ko a hoto. Wasu ma fuskar ubansu ba su sani ba, sai dai uwa ta ce musu ai hancinka irin nasa ne.

Za a ce mini, to ai yanzu kowa da waya, hoto ya fi ƙarfin ƙirge. Haka ne. Amma don Allah kowa ya tambayi kansa: wayar da kake riƙe da ita a 2018, tana ina? Ta faɗa ruwa, ko an zare ta a kasuwa ran Talata, ko ta sume an kai wa mai gyara ya wanke ta tas ya miƙo maka ita kamar sabuwa, babu komai a ciki. Memori yana mutuwa ba tare da ya yi sallama ba. Layi ya toshe, ka sake wani, WhatsApp ɗin da hotunan sunan ɗanka suke ciki ya tafi. Facebook kuma yaron da ya buɗe maka shi ne ya san lambar sirri, shi kuwa yana Agadas ko Libiya. Kuma ko wayar ba ta ɓata ba, ran da ta ce wuri ya cika, me ake fara gogewa? Tsofaffin hotuna, don a samu wurin sabon bidiyon barkwanci.

Ga wani abin da ya fi wannan damu na. Ka rubuta Diffa a intanet ka ga hotunan da za su fito. Layin mata da jarkoki, tantuna, buhunan taimako, sojoji, ƙura. Ba ƙarya aka yi mana ba, duk sun faru. Amma masu ɗaukar waɗannan hotuna aikinsu suke yi, rahoto ne za su kai wa masu ba da kuɗi, a ciki mu adadi ne: iyali kaza, mata kaza, yara kaza. Ba aikinsu ba ne su ɗauki ranar da sabon ruwa ya iso Komadugu, gari ya fita kallo, yara suna tsalle a ciki tun bai kai gwiwa ba. Ba za su ɗauki tattasai an shanya shi ja wur iya ganinka ba, ko banda tana hayaƙi, ko shanun kuri da manyan ƙahonninsu suna iyo a tafki, ko dawakin sallah da kwalliyarsu. Samarin da suka taɓa zuwa farin rairayin Tal kusa da N'Gigmi, ko suka je cin dabino a kwarurrukan Gudumariya da Maine Sorowa, babu wanda zai rubuta musu wannan yini in ba su ba. In muka bar abin haka, jikokinmu za su buɗe tarihin Diffa su tarar kamar ba mu taɓa dariya ba.

Ko a kusa-kusan nan, an yi bikin Diffa N'Glaa a Disambar 2021, an yi kokowar takobin ƙasa a garin nan a ƙarshen 2022. Waya nawa aka ɗaga sama a waɗannan ranaku? Yau mutum nawa ne za su iya fiddo hoto ɗaya su ce ga mu nan, ga wanda muka je da shi?

Kuma kada wani ya ce al'adar Nasara ce ake son ɗora mana. Mu muna da kundi tun kafin a san kyamara. Malamanmu na zaure, Barebari da Hausawa da Fulani, suna tara takardu cikin gafaka: addu'o'i, wasiƙu, wani a gefen shafi ya rubuta ranar da aka haifa masa ɗa, ko shekarar da malaminsa ya rasu, ko shekarar fari. Birnin Gazargamu, hedikwatar Barno ta da, kusa da wannan kogin namu take, can ɓangaren Gaidam. A nan ne Imam Ahmad bn Furtuwa, limamin Mai Idris Aloma, ya rubuta tafiye-tafiyen sarkinsa wajajen 1576, yana faɗin inda aka tashi da inda aka yada zango. Sama da shekara 400 ke nan, har yau ana karanta shi, don ya sa suna da wuri da lokaci. Iyayenmu ma da suka yi zamanin masu hoto na situdiyo, in baƙo ya zo, kafin a sauke tukunya albam ake miƙa masa ya yi ta buɗawa ana ba shi labari. Waya ce ta zo ta kashe wannan, ba ta kuma ba mu madadinsa ba.

A Bamako an yi wani mai hoto, Malick Sidibé, ya rasu a 2016. Yakan bi samari wuraren biki da dare, ran Lahadi kuma ya bi su bakin kogin Kwara inda suke wanka da wasa. In ya wanke hotunan sai ya liƙa ƙanana a kan kwali, ya sa wa kowane lamba, ya rubuta rana da sunan ƙungiyar da ta yi bikin, don masu so su zo su zaɓa. Neman abincinsa yake yi, ba tarihi ya zauna rubutawa ba. Yau waɗannan kwalaye ana baje su a manyan gidajen tarihi na duniya, har a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Venis na Italiya. Wanka a kogi fa, irin wanda yaranmu ke yi kullum in ruwa ya zo.

To yaya za a yi? Abin ba wuya. Kaye babba mai kaurin bango, irin na ƴan lakwal. A shekara ka zaɓi hoto goma kacal, ka kai inda ake wankewa a fiddo maka su a takarda. Goma, ba ɗari ba, don zaɓen shi ne rabin aikin. A zauna da uwargida da yara a yi gardama a kan wanne ya cancanta. Kada a liƙa da kullu ko koko, gara da kyankyasai ne za su yi walima. Salatif kuma in ya daɗe yana ja ya ɓata hoto. A sa reza a tsaga shafi wuri huɗu, a soka kusurwoyin hoton a ciki, ya zauna daram, ran da ake so a cire a sake wankewa a cire. In za a yi rubutu a bayan hoto, da fensir za a yi, don bik yana huda takarda kuma tawadarsa tana nashewa.

Rubutun ƙasan hoton ya fi hoton kansa daraja, a nan nake so a tsaya. Hoton da ba suna, bayan shekara talatin fuskar baƙi ce kawai. A rubuta kowa da cikakken sunansa da na uba, da yadda yake da mai gida, daga dama zuwa hagu. A rubuta wuri da sunan da mutanen wurin ke kiransa, ba wanda ke kan taswirar hukuma kaɗai ba. A sa shekara, in an tuna har wata. A ƙara magana ɗaya ta ranar: wa ya tuƙa kwalekwale, me aka ci, nawa aka sayar da buhun tattasai a shekarar, wa ya faɗa ruwa aka yi masa dariya. Da boko, da ajami, da Barbarci, da Fillanci, da Faransanci, duk wanda hannunka ya saba. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa, ɗan lakwal ya rubuta, sai ya zama yaron ya ji labarin da kunnensa. A haɗa da katin ɗaurin aure, da takardar sakamakon jarrabawa, da tikitin motar da ta kai ka Damagaram karon farko, da ƙyallen ankon biki. Mata, nan fagenku ne: hannun da ya iya jeren ɗaki da ɗinkin hula ba zai kasa ƙawata shafi ba.

Na san abin da wani zai ce: mutum yana neman na tuwo, kai kana maganar albam. Gaskiya ce, kuma ban ce a hana yaro koko a wanke hoto ba. Amma mu duba abin da muke zubawa a katin waya kowane wata. Na sati ɗaya ya isa a fara. Wani kuma zai ce ai takarda ma tana ƙonewa, ruwa yana cinye ta, ga Tumur nan shaida. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma amsarta ita ce kada ajiya ta zama wuri ɗaya. A naɗe kayen a leda biyu, a sa shi tare da takardun haihuwa da katin ɗan ƙasa, cikin jakar da hannu ke fara kaiwa in ta ɓaci, Allah ya kiyaye. Sannan duk shafin da aka gama a ɗauke shi a waya a tura wa ɗan uwa a Yamai ko Damagaram ko Kano. In takarda ta tafi waya ta riƙe, in waya ta mutu takarda tana nan. A Japan, bayan igiyar teku ta 2011, ƴan sa-kai sun yi ta tono hotunan mutane daga laka suna wankewa ɗaya bayan ɗaya suna neman masu su, kuma mutanen da suka rasa gida gaba ɗaya suka riƙa zuwa nema. Hoton takarda ko ya sha laka ana iya ceto shi. Memorin da ya mutu sau da yawa sai dai haƙuri.

Akwai kuma waɗanda ke ƙyamar hoto don addini. Ba zan shiga fagen malamai ba, kowa ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Kundi ba sai da fuska ba. Ana iya cika shi da rubutu, da salsalar gida, da hoton gona da rijiya da masallaci da bishiyar ƙofar gida. Kuma kundin nan na cikin ɗaki ne, ba na bango ba, ba na Facebook ba. Hasali ma ya fi waya sutura: hoton matarka da ƴaƴanka mata a kaye cikin akwati, babu mai tura shi wani wuri. Abu ɗaya dai, kowa ya san halin da ake ciki: ba a ɗaukar hoton sojoji, ko shingen bincike, ko gadar Dutsi. Kada garin neman tarihi mutum ya jawo wa kansa kwanan tambaya.

Sai maganar da ta fi nauyi: a sa ranakun baƙin ciki a ciki, ko a bar su? Ni dai ina ganin a sa, amma da hankali. Hotunan gawa da na jini da ke yawo a waya ba su da wuri a kundin gida. Abin da ya kamata a sa shi ne sunan garin da aka baro, da ranar da aka fito, da hanyar da aka bi, da wanda ya fara ba da ruwan sha a inda aka sauka. Akwai ƙauyukan da yanzu babu kowa a cikinsu, kuma tsofaffin da suka san su suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. A zaunar da dattijo ko tsohuwa, a ba yaro fensir, su ce nan gidan wane yake, nan rijiya, nan makabarta, nan gonarmu ta tsaya ta wane ta fara. Lokacin da mutanen Barwa suka koma gida a Yunin 2021 bayan shekaru a waje, sun koma ne da waɗanda suka san wurin. Garin da komawarsa ta ƙara jinkiri, wa zai nuna iyaka? Zanen fensir ba takardar hukuma ba ne, amma ran da aka zauna gaban mai gari ana jayayya, ya fi a ce wai na ji kakana ya ce. Wanda kuma zuciyarsa ba ta iya ɗaukar tunawa ba tukuna, a ƙyale shi, a bar masa shafi fari.

Malaman makaranta, in hutu ya zo ku ba yara wannan aiki: kowa ya dawo da shafi biyu na gidansu. Ku kuma masu shagunan wanke hoto na cikin gari, roƙona gare ku ƙarami ne. In an kawo muku aiki, ku bar farin gefe a ƙasan kowane hoto, faɗin yatsa biyu, inda za a rubuta suna, kuma ku buga shekara a kusurwa ko mai hoton bai ce ba.