Waƙar "Take On Me" da Yadda Duniya Ta Karɓe Ta

Waƙar "Take On Me" ta ƙungiyar a-ha sai da aka fitar da ita kasuwa har sau uku kafin duniya ta juyo ta saurare ta. Matasa uku ne 'yan ƙasar Norway suka kafa ƙungiyar a birnin Oslo a shekarar 1982: Morten Harket mai rerawa, Magne Furuholmen mai danna fiyano, da Paul Waaktaar mai kaɗa jita. Salon kiɗansu shi ne wanda Turawa ke kira synth-pop, wato kiɗan da fiyanon lantarki da na'urar buga ganga ke ɗauke da nauyinsa, maimakon taron makaɗa. Duk wanda ya taɓa leƙa situdiyon waƙa a Kano ya ga mutum ɗaya zaune gaban fiyano yana haɗa ganga da sarewa da garaya, ya san irin aikin.

Ginshiƙin waƙar wani ɗan guntun kiɗa ne mai sauri, mai tsalle-tsalle, da ke shigowa bayan ganga ta share fage. Magne ya ƙirƙiro shi tun yana yaro ɗan makaranta, lokacin da shi da Paul suke wata ƙungiya mai suna Bridges. A wancan lokaci ba su ɗauke shi da daraja ba, suna ganin ya yi kama da kiɗan talla. Da Morten ya shigo ne ya dage cewa akwai abinci a jikin wannan kiɗa. Shi ma ya kawo nasa: a wajen amshi, muryarsa kan faro daga can ƙasa, ta riƙa hawa mataki-mataki har ta kai wani ƙololuwa siriri da mafi yawan maza ba sa iya kaiwa.

Su ukun sun tattara sun koma Landan neman sa'a, kamfanin Warner Bros ya ɗauke su. Fitowar farko, a ƙarshen 1984, ta kai mataki na uku a gida Norway, amma a Ingila ko kallo ba ta samu ba. Aka koma situdiyo tare da wani gwanin haɗa kiɗa, Alan Tarney, wanda ya sake gina ta, ya ƙara mata kaifi da armashi. Aka sake fitar da ita a 1985, nan ma shiru kake ji. Abin lura a nan shi ne, wannan ta biyun da mutane suka yi biris da ita, ita ce dai wadda duniya ke rawa da ita har yau.

Abin da ya juya al'amarin hoto ne. Wani jami'in kamfanin a Amurka, Jeff Ayeroff, ya sa aka zuba kuɗi a kan sabon bidiyo, Steve Barron ya ba da umarni. An fara ɗaukar 'yan wasa da kyamara, sannan masu zane biyu, Michael Patterson da Candace Reckinger, suka zauna suna bin hotunan ɗaya bayan ɗaya da fensir, kimanin zane 3,000, aikin da ya ci mako 16. A cikin bidiyon, wata budurwa na zaune a gidan shan shayi tana karanta littafin zane. Sai hannun wani saurayi ya miƙo daga cikin takarda ya yafito ta, ya ja ta cikin duniyar fensir. Mai kai shayi ta dawo ta tarar ba kowa, ba a kuma biya ta ba, ta duƙunƙune littafin ta jefa a kwandon shara, alhali a ciki wasu mutane riƙe da sifana suna bin masoyan biyu da gudu. A ƙarshe saurayin ya riƙa buga jikinsa da bango har ya fito mutum mai jini da tsoka.

Aka sake fitar da waƙar karo na uku, tashar MTV ta riƙa nuna bidiyon ba dare ba rana. Ranar 19 ga Oktoba, 1985, waƙar ta hau mataki na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, karo na farko da wata ƙungiya daga Norway ta taka wannan matsayi. A Ingila ta tsaya a na biyu, waƙar Jennifer Rush mai suna "The Power of Love" ta tare mata hanya. A 1986 bidiyon ya kwashe kambu shida a bikin MTV. A wannan shekara kuma an sa a-ha cikin 'yan takarar Grammy na sababbin mawaƙa, sai dai Sade, wadda aka haifa a Ibadan, ita ta tafi da kyautar.

Nasarar ta zo da nata ƙaiƙayi. Amurkawa da dama sun ɗauki a-ha a matsayin kyawawan samari masu waƙa ɗaya tak, kuma wannan hukunci bai yi musu adalci ba. Waƙarsu "The Sun Always Shines on T.V." ta kai na ɗaya a Ingila a farkon 1986. Su suka yi waƙar fim ɗin James Bond na 1987. A 1991 kuwa, mutum 198,000 suka biya kuɗi suka cika filin Maracana na birnin Rio a Brazil don kallonsu.

Masu cewa bidiyo ne kaɗai ya ɗaga waƙar sun samu amsa a 2017, a tsibirin Giske na Norway. Can ƙungiyar ta rera ta a hankali, ba fiyanon lantarki, ba na'urar ganga, an ma cire ɗan guntun kiɗan nan da aka san ta da shi. Abin da ya rage waƙar bege ce mai sanyaya jiki, ta saurayi mai roƙon a karɓe shi kafin lokaci ya ƙure, kuma ta tsaya da ƙafarta. Bidiyon fensir ɗin shi ma bai tsufa ba: a watan Fabrairu na 2020 adadin kallonsa a YouTube ya haura biliyan ɗaya.