Kamun kifin kirapi a hunturu: Ƙugiya ɗaya ta fi goma sha shida

Da zarar Disamba ya kama a Amurka, shagunan kayan kamun kifi kan cika da masu tambaya guda: wane irin ɗaurin fatsa ne ya fi kamo kirapi a cikin sanyi? Masu shago kuwa ba sa rasa abin nunawa, daga sanduna masu tsada zuwa na'urorin hango kifi a ƙarƙashin ruwa.

Amsar da ta fi dacewa ita ce wadda ta fi sauƙin kuɗi: sanda ɗaya, siririn zare, ƙaramar ƙugiya. Wannan ɗauri yana kama kifi, kuma shi ne ya fi barin saura a tafki don baɗi.

Kirapi kifin ruwan daɗi ne ɗan asalin Arewacin Amurka. Faffaɗan jiki gare shi, kusan siffar karfasa, kuma iri biyu ne, fari da baƙi. Ba ya girma can sosai. Farin da ke riƙe da kambun duniya, wanda aka kama a madatsar ruwan Enid da ke jihar Misisipi a 1957, nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba. Amma namansa fari ne mai daɗi, shi ya sa yake cikin kifayen da Amurkawa suka fi kamawa don ci.

Yadda sanyi ke sauya halinsa

Kifi ba ya ɗumama jikinsa da kansa. Idan ruwa ya yi sanyi, motsinsa kan ragu, cinsa ma ya ragu. Kirapin da a bazara zai bi abinci da gudu, a hunturu yakan tsaya cak, sai abincin ya zo bakinsa.

Sannan yakan bar gaɓa ya koma wuri mai zurfi. Ruwa ya fi nauyi ne a zafin da ya kai kimanin digiri 4, don haka idan saman tafki ya daskare, can ƙasa ne ya fi ɗumi. A nan kirapi ke taruwa garke-garke, a tsofaffin hanyoyin rafi da tafki ya shanye, ko a jikin itatuwan da suka nutse.

Akwai abubuwa biyu kuma a halittarsa da ke shafar zaɓin fatsa. Na farko, abin da ke samansa ya fi kai wa cafka, don haka koton da ya wuce shi zuwa ƙasa ya yi asara. Na biyu, fatar bakinsa sirara ce har Amurkawa suna masa laƙabi da mai bakin takarda. Duk wanda ya fizgi sanda da ƙarfi zai yage bakin, kifin ya tsere da rauni.

Ɗauri huɗu da aka fi sani

Na farko shi ne ƙugiya guda mai ɗan kan dalma, wadda ake yi wa ado da gashin tsuntsu ko roba mai laushi. A hunturu, wadda nauyinta ke tsakanin giram ɗaya zuwa biyu ta isa. Ana sauke ta tsaye, a tsayar da ita kaɗan sama da garken, a riƙe kusan ba motsi. A nan ne karin maganar nan ta sannu ba ta hana zuwa ke aiki. Masu fasa ƙanƙara su zura fatsa ta rami, kamar a jihar Minesota, sun fi son mai kan ƙarfen tangistin, saboda ya fi dalma nauyi, ƙaramarsa ma tana saurin nutsewa.

Na biyu shi ne ɗaurin ɗan ƙwallo mai yawo a saman ruwa, wanda zare ke zamewa ta cikinsa har ya tsaya a wani ƙulli. Inda aka sa ƙullin, nan ne zurfin da koto zai tsaya. Ya dace da mai kamu daga gaɓa ko daga kan gada. Sai dai ana son lura: kirapi kan ɗauki koto ya yi sama da shi, sai ƙwallon ya kwanta maimakon ya nutse.

Na uku shi ne ƙugiya biyu a zare ɗaya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da dalma a tsakaninsu ko a ƙarshen zaren, kowace da ɗan ƙaramin kifi mai rai a matsayin koto. Amfaninsa shi ne gwada zurfi biyu a lokaci guda.

Na huɗu shi ne shimfiɗar gizo-gizo, wadda ta shahara a tafkunan kudu. Mutum biyu kan jera dogayen sanduna har takwas a goshin kwalekwale, kowace da ƙugiya biyu, su riƙa tafiya a hankali. Ƙugiya 16 ke nan ke ratsa garken kifin da sanyi ya hana shi gudu.

Inda matsalar take

Idan yawan kamu kaɗai ake nema, shimfiɗar gizo-gizo ba ta da laifi. Amma kirapin hunturu ba ya da hanyar tsira kamar na sauran lokuta. Ya taru wuri guda, kuma tun daga 2018 da kamfanin Garmin ya fito da na'urar LiveScope, masunci yana iya kallon kifin a allo kai tsaye, ya zaɓi mafi girma ya sauke masa koto.

Hukumomi sun fara ganin abin da hakan ke jawowa. A 2024, jihar Misisipi ta rage adadin kirapin da mutum ɗaya zai iya tafiya da shi a rana daga 15 zuwa 10 a manyan tafkunanta irin su Grenada da Enid da Sardis, kuma yaɗuwar irin waɗannan na'urori na cikin dalilan da aka kawo.

Akwai wata ɓarna kuma da ba a gani a lissafi. Kirapi yana da jakar iska a ciki, kuma ba ya iya sauke iskar da sauri. Duk mita 10 na zurfi na ƙara matsin da ya kai na sararin sama guda. Kifin da aka fizgo daga mita 10, iskar cikinsa kan kusa ninkawa kafin ya iso sama. Idanunsa su fito, ya kasa nutsewa. Masunci zai sake shi yana ganin ya yi kirki, kifin kuwa sau da yawa ya mutu a ƙarƙashin ƙanƙara.

A nan ɗauri mai ƙugiyoyi da yawa ya fi yin ta'adi. Ba ya zaɓe. Yana ɗago ƙanana da manya, kuma ƙananan da doka ta ce a mayar, idan daga zurfi suka fito, mayarwar ba lallai ta cece su ba. Mai ƙugiya ɗaya shi ke iko da zurfin da yake kamu da saurin da yake jawowa, kuma yana sane da kowane kifi da ya ɗago.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu kai baƙi kamun kifi don kuɗi suna da abin faɗa. Baƙon da ya biya kuɗi ya sha sanyi wuni guda ba ya son komawa hannu rabbana. Gaskiya ne kuma cewa kirapi mai yawan haihuwa ne, har a ƙananan tafkuna yakan yi yawan da abinci ba ya isa, duk su tsumbure. A irin wannan wuri, rage su gyara ne.

Sai dai masu na'ura da sanduna takwas ba tsumburarru suke nema ba. Manya suke bi, waɗanda suka ɗauki shekaru kafin su kai haka. Kwashe su ba ya magance cunkoso, yana dai barin tafki da ƙanana.

Minesota ta daɗe da zaɓar nata matsayi: fatsa ɗaya ga mutum a buɗaɗɗen ruwa, biyu idan ta ramin ƙanƙara ne. Duk da haka, duk hunturu mutane na cika tafkunanta, suna kuma komawa gida da kifi.

Saboda haka, mai shiga shago a wannan hunturu ya fara tambayar kansa zurfin da zai yi kamu kafin ya tambayi farashi. Idan garken yana ruwa marar zurfi sosai, ƙugiya guda ko ɗaurin ɗan ƙwallo sun wadatar, kuma wanda aka saki zai rayu. Idan kuwa sai an kai mita 8 ko fiye, to ya ɗauka cewa duk wanda ya ɗago na tukunya ne. Ya ƙirga abin da iyalinsa za su ci, da ya cika ya naɗe zarensa.