Kafin mu kifar da jirgi a cikin labari



Duk mai bibiyar labaran da ake turowa zaurukan marubuta ya san yadda ake yi da jirgin ruwa. Idan ana son jaruma ta zama marainiya, sai a zuba iyayenta a kwale-kwale, a rubuta cewa jirgi ya kife, layi na gaba ana zaman makoki. Ba a faɗi wane ruwa ba ne, ko ƙarfe nawa, ko me aka loda. A ganinmu wannan layin guda ya yi kaɗan, kuma yana da illa, domin yana koya wa mai karatu cewa jirgi haka kawai yake kifewa, kamar faɗuwar aradu. Mun yi imani da ƙaddara, amma tana zuwa da sanadi, kuma a cikin sanadin ne labarin yake.

Mutanen ƙasar nan ba baƙin kwale-kwale ba ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, ya ci karo da kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda masana suka ƙiyasta shekarunsa sun kai kusan 8,000. Sarkawan Kabi da Yawuri kuwa a kan ruwa suka gaji sana'a, har da sarautar Sarkin Ruwa. Ashe ba rashin sanin jirgi ke kashe mutane ba. Ruwan ne ya canza, lodin ma ya canza.

Mu ɗauki Kainji. Da aka kammala madatsar a 1968, wani yanki na kogin Neja ya koma tafki mai tsawon fiye da kilomita 100, tsohon garin Bussa ma yana ƙarƙashinsa. Kwale-kwale dogo siriri don kogi aka sassaƙa shi: gaɓa na kusa, gora tana taɓa ƙasa a wurare da yawa, iska ba ta samun filin tara ƙarfi. A tafki kuwa iska kan yi doguwar tafiya a kan ruwa ba abin da ya tare ta, sai ta tayar da igiyar da ke dukan jirgi ta gefe, inda ya fi rauni. Ga kuma itatuwan da ruwa ya shanye, kututturansu na tsaye a ƙasa. Idan ruwa ya ja baya sai su matso sama, jirgi mai inji ya zo da gudu ya hau kansu.

Abin da ya kamata idon marubuci ya fara kamawa shi ne tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. Kowane buhu, kowane fasinja, yana cin wani abu daga cikinta. Idan ta koma kamar faɗin tafin hannu, ƙaramar igiya ma ta isa ta leƙo ciki. Ruwan da ya shigo kuma ba ya zama wuri ɗaya, duk gefen da jirgi ya karkata can yake gangarawa ya ƙara masa nauyi. Sai wani ya yi salati ya miƙe tsaye, sauran su ruga ɗaya gefen. Idan an jibga kaya sama, mutane sun hau kan kayan, nauyi ya bar gindin jirgi ke nan, ba shi da abin da zai dawo da shi daidai. Wannan shafi uku ne cur na labari, mai tsayar da numfashi, amma ake wuce shi da kalma biyu.

A watan Mayun 2021 jirgin da ya nufi Wara a jihar Kebbi ya nutse da fasinja fiye da 150, ga babura a ciki, kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a madatsar Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya daga Badau da za su je Maulidi. Allah ya jiƙansu. Hukumar NIWA ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, ta kuma wajabta rigar ceto, amma doka tana takarda, mai fito yana bakin ruwa da lissafin kuɗin mai a kansa.

Shi ya sa ba ma goyon bayan a mayar da matuƙi mugun labarin kawai. Ku dubi matsayinsa: rana ta kusa faɗuwa, an tashi daga kasuwa, babu gada, hanyar mota zagaye ce mai nisa, ga surukarsa cikin masu jira. Wa zai ce wa ya sauka? Ita ma uwar da ta ga ruwa ya kusa bakin jirgi ta miƙa ɗanta duk da haka, me ta auna a ranta? Marubucin da ya amsa waɗannan ya samu taurari masu rai.

Wanda ke kusa da Yawuri, ko Wudil, ko Tiga, ya je bakin ruwa ya zauna da masu fito. Ya tambaye su sunan kowane sashe na jirgi da bakinsu, da abin da suke toshe ɓaraka da shi, da iskar da suke tsoro, da wanda ake ba aikin kwarfe ruwa. Wanda kuma yake da labari mai jirgi a ciki, ya ajiye mana shi a ƙarƙashin wannan rubutu mu duba lodin tare.