Idan Bakanike Ya Ce "Sai An Canza Ring"

Watan jiya janaretanmu ya fara tofar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai kuma kullum sai an ƙara. Maigidan ba ya gari, sai na sa aka tura shi a baro zuwa wurin wani bakanike a nan Tukur-Tukur. Ja ɗaya ya yi ya ce, "Hajiya, ring ne." Na ce to Malam, a gabana za a buɗe. Daga aikin dare na sauko, amma na ja benci na zauna.

Ring wasu siraran zobba ne na ƙarfe da ke zagaye da fistin. A injin da ake zuba wa baƙin mai daban guda 3 ne: na sama 2 suna tare ƙarfin wuta kada ya zurare, na ƙasa yana share mai daga bangon bulok. Idan sun cinye, man ya haura ya ƙone, shi ne shuɗin hayaƙin. Baƙin hayaƙi kuwa galibi fetur ne ya yi yawa, a fara duba kafireta da matatar iska, kada ki yarda a kwance miki inji. Ƙaramin Tiger da ake haɗa masa mai da fetur, dama ba ya rasa ɗan hayaƙi.

Ki ce a nuna miki cikin bulok ɗin, ki shafa. Idan farcenki ya maƙale a wani karce, sabon ring kaɗai asarar kuɗi ne, bayan ɗan lokaci za ki dawo. Bakanike na ƙwarai yakan fara zura ring ɗin shi kaɗai cikin bulok, ya auna tazarar bakinsa da siririn ƙarfen awo. In ta matse, zai iya karyewa idan inji ya yi zafi. In ta buɗe da yawa, ba a yi komai ba. Sai ya kankare dauɗar ramukan fistin, ya sa gefen da ke da alama yana kallon sama, ya rarraba bakunan kada su jeru a layi ɗaya. Namu ya yi duk wannan, har da tsokanata wai ko zan karɓe masa sana'a. Tsofaffin zobban ma na ce a ba ni.

Da aka dawo da shi babu hayaƙi, ƙanwata ta ce yanzu ai sai a bar shi a soro saboda ɓarayi. Nan na ce a'a. Iskar da ke kisa, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, sabon inji ma yana fitar da ita, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin sama da sau 200. Ki ajiye shi a fili, kamar mita 6 daga taga da ƙofa. Idan yara suka tashi da ciwon kai, jiri ko amai alhali janareta na aiki, ki fito da kowa waje, a kashe shi, ku wuce asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi.