Sunayen Unguwannin Birni Ba Su Ƙarya

Duk wanda ya shiga birnin Kano da ƙafa, ya bi lunguna daga Kasuwar Kurmi ya nufi gindin Dala, zai yi ta jin sunaye waɗanda bakin kowa ya saba da su, amma kaɗan ne suke tsayawa su tambayi ma'anarsu. Yaron da aka haifa a Alfindiki yakan girma har ya yi furfura bai san cewa sunan unguwarsu Larabci ne ba, watau masaukin baƙi da fatake. Haka Alkantara, wadda ma'anarta gada. Zangon Barebari kuwa ba ya bukatar tafinta: nan ne ayarin mutanen Barno ke sauke kaya. Ga Tudun Nufawa, ga Agadasawa, ga Ayagi ta Yarbawa. Idan aka jera su, sai a ga kamar ana karanta taswirar hanyoyin da suka haɗu a Kano.

Wanda ya fi ban mamaki shi ne Dandalin Turawa. Ɗalibin yau in ya ji sunan, nan da nan zai zaci Ingilishi ake nufi. Alhali kuwa tun kafin sojojin Ingila su ci Kano a shekarar 1903, Larabawan Tarabulus da Gadamas ne mutanen birni ke kira Turawa, kuma su ne suka zauna a wannan wuri suna ciniki a Kurmi. Da sababbin fararen fata suka zo, Nasara aka fara ce musu. Sannu a hankali kalmar ta tashi daga kan waɗancan ta koma kan waɗannan. Unguwar ce kaɗai ta riƙe tsohuwar ma'anar.

Ba ciniki kaɗai ya kawo baƙi ba. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci, har yau kuma Madabo tana tunƙaho da gadon karatunsu. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya iso daga Arewacin Afirka, ya rubuta wa Sarki nasiha a kan sha'anin mulki, Sharifai kuma suna danganta kansu da shi. Unguwar Kabara ta samo sunanta ne daga wani gari da ke kusa da Tambutu, inda kakannin Shehu Nasiru Kabara suka fito. To, in aka ce za a tsame baƙi daga tarihin ilmin birnin nan, me zai saura a ƙwaryar?

Dalilin tada wannan magana shi ne wata ɗabi'a da ta kafu a ofisoshi da makarantu. Tun da tsarin mulkin 1979 ya shigo da ƙa'idar raba muƙamai tsakanin jihohi, takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin gurbin karatu, da tallafin ɗalibai, da aikin gwamnati. Manufar ba ta da aibi, domin an yi ta ne don kada wani sashe ya danne wani. Amma wajen aiwatarwa sai ga yaro an haife shi a birni, an haifi ubansa a birni, ba ya jin wani harshe sai Hausar Kano, ana ce masa ya tafi garin kakansa ya nemo takarda. Garin da bai taɓa kwana ba, inda su ma za su dube shi su ce ba su san shi ba. Wani lokaci ma akawun da ya mayar da shi, in aka bi salsala, daga Zangon Barebari ko Agadasawa ya fito.

Kada a ce dā komai lami lafiya ne. Da yawa daga waɗanda suka shigo birnin nan ba da son ransu suka zo ba, a ɗaure aka kawo su. Baƙon da birni ya haɗiye kuma, galibi wanda ya yi salla da mutane ne, ya koyi harshensu, ya yi auratayya da su. Amma dai ƙofar a buɗe take, kuma jikan baƙo ba a kiransa baƙo. Agalawa, waɗanda asalinsu daga wajen Abzin ne, sun zama fataken goro a hanyar Gwanja, daga cikinsu aka sami Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955. Ba a taɓa jin wanda ya ce shi ba Bakano ba ne. Tsarin keɓe baƙo da doka a bayan ganuwa ya yi ƙarfi ne a zamanin Turawan mulki, bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 da kafa Sabon Gari.

Ganuwar da Sarki Gijimasu ya soma ginawa tana ta zaizayewa, ana ɗibar ƙasarta, ana gini a kanta, an rushe wasu ƙofofi an sake su da siminti. Wannan kowa yana gani, yana kuka a kai. Sunayen kuwa ba a ganin lalacewarsu, domin bakin da ke furta su bai daina ba, saninsu ne ya tafi. Kamata ya yi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta zauna da masu unguwanni da dattawan da suka rage, a rubuta asalin kowane suna, a kafa allo a bakin kowace unguwa, da boko da ajami. Malaman tarihi su riƙa fita da ɗalibai daga Gidan Makama zuwa Kurmi a ƙafa, maimakon haddar sunayen sarakuna a aji. Majalisar dokoki kuma ta duba yiwuwar a ɗauki haihuwa da daɗewar zama a matsayin hujjar ba da takardar shaida, mai unguwa da liman su tabbatar, kamar yadda suke tabbatar da mutum ranar ɗaurin aurensa.