Tsohon Aiki Jari Ne: Darasi Daga Kasuwar Wasannin Kwamfuta

ABUJA: Duk wanda ya leƙa shagunan kayan lantarki na Banex Plaza da ke Wuse zai tarar da cewa da yawa daga wasannin kwamfuta da ake sayarwa a matsayin sababbi, tsofaffi ne da aka sake fito da su. Hanyoyi uku kamfanoni ke bi wajen yin haka, kuma ya kamata mai jari ya san bambancinsu, domin kuɗin da kowace ke ci da haɗarin da ke cikinta ba ɗaya ba ne.

Hanya ta farko ita ce gyaran fuska. Ana ɗauko wasan yadda yake, a tace hotonsa da sautinsa domin ya dace da sabuwar na'ura. Haka kamfanin Sony ya yi da The Last of Us, wanda ya fito a 2013, aka sake fito da shi a 2014 domin PlayStation 4. Ita ce mafi sauƙin kuɗi, amma ba ta ƙaunar ganganci: a 2021 sai da kamfanin Rockstar ya nemi gafarar jama'a saboda kurakuran da suka cika tsofaffin wasannin Grand Theft Auto guda uku da ya gyara.

Ta biyu ita ce sake gini. Labarin da taurarinsa suna nan, amma aikin ana fara shi ne daga tushe, kamar yadda Capcom ya yi a 2019 da Resident Evil 2 na 1998. Kuɗinta kusan na sabon wasa ne. Ta uku kuwa sabon zubi ce: suna kawai ake riƙewa, a ajiye tsohon labari a buɗe wani, irin abin da aka yi wa Tomb Raider a 2013, shekara 17 bayan fitowarsa ta farko. A nan ne haɗari ya fi yawa, domin tsofaffin masoya na iya juya baya.

Dalilin da ya sa kamfanoni ke komawa ga tsohon aiki a fili yake: sunan da jama'a suka riga suka sani ba ya bukatar dogon talla. Wannan lissafi ya yi aiki a Nijeriya, sai dai a fagen fina-finai. Charles Okpaleke na kamfanin Play Network ya sayi haƙƙin Living in Bondage na 1992 daga hannun Kenneth Nnebue, aka fitar da ci gabansa a 2019. Daga nan kamfanin ya sake gina Rattlesnake da Nneka the Pretty Serpent a 2020.

Masana'antar fina-finan Hausa ma tana da irin wannan dukiya, tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa Sangaya da sauran waɗanda suka yi tashe. Sai dai kowace hanya tana da sharaɗinta. Gyaran fuska ba ya yiwuwa sai da uwar kaset mai kyau, alhali zafi da ƙura suna cinye kaset. Sake gini da sabon zubi kuwa ba sa yiwuwa sai an san mai haƙƙi, alhali an ƙulla ciniki da dama tsakanin masu shirya fim da dillalai ba tare da rubutu ba.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, ta tanadi kariyar shekara 50 ga fim, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana da hedkwata a nan Abuja. Saboda haka wajibi ne masu tsofaffin fina-finai su juye su zuwa kwamfuta, su kuma rubuta wanda ya mallaki kowane aiki. Shi kuma mai jari, kafin ya zuba kuɗinsa, ya nemi ganin abu biyu: uwar kaset da takardar haƙƙi. Idan babu su, to suna kawai ya saya, kuma wata rana wani zai iya ja da shi a kotu.